Wace ukulele ce za ta jure hunturun Kano da hannun yara?

Maman Ummi, Gyaɗi-Gyaɗi

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan kayan kiɗa, ko kuma suka san halin katako.

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan ƙanina ya dawo daga karatu a Maleshiya. Cikin tsarabar da ya kawo wa yarana har da wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, ya ce sunanta ukulele. Yara aka kawo wa, amma ni na fi kowa riƙe ta. Ni tela ce, a gida nake ɗinki, wuni nake kan keke. Bayan sallar isha'i idan na rufe keken, yara sun kwanta, sai in ɗauke ta in zauna bakin gado kamar minti ashirin. A waya na koya, kaɗan-kaɗan. Sautinta ba ya fita waje, ko maƙwabciyata ta jikin katanga ba ta san ina da ita ba sai da na nuna mata. Ummi, 'yar shekara tara, ita ma ta fara kamawa. Ranar da ta ɗora yatsa ɗaya a gida na uku na tsirkiyar ƙasa, wato tsakanin ƙarfe na biyu da na uku na wuyanta, ta buga, sauti ya fito daidai, sai da ta je ta taso babanta daga barci ya ji.

Hunturun farko na lura bakin ƙarafunan nan da aka jera a wuyanta sun fito suna kartar hannu, har ɗaya ya yanki Ummi a ɗan yatsa. Da damina ta sauka abin ya ɓace, sai na manta. Hunturu na biyu, cikin Janairu, tana rataye a ƙusa a falo kusa da taga, ina shara da safe na ji ƙas! Na duba, fuskarta ta tsage daga ƙasan inda tsirkiyoyi suke ɗaure har gindi. Da farko kamar silin gashi, bayan sati biyu tsinken ashana yana iya shiga. Da bazara ta zo, ɗan katakon da ke riƙe da tsirkiyoyin ya fara ɗagawa ta baya. Na ɗiga masa sufa-gulu, ya yi kwana shida, wata rana da azahar ya fincike gaba ɗaya. Tun Afrilu ke nan tana saman sif. Cikin Agusta da na sauko da ita na ga tsagar ta kusa haɗewa da kanta, ban san dalili ba.

Ƙanina ya ce ba ta araha ba ce, katakon maɗaci ne zalla, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Yanzu na ɗan tara kuɗin ɗinkin Sallah ina so in sayi wata kafin sanyi ya shigo. Ba ta zuwa biki nake nema ba. Wadda za ta zauna kan kujera nake so, in ɗauka kullum, Ummi ta ɗauka, ƙaramin ma mai shekara uku ya ja ta a tsakar gida ba tare da gabana ya faɗi ba. Wace iri zan nema? Wane girma? Kuma a nan Kano zan samu ko sai na yi oda?

Kafinta, Gwammaja

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ban iya kiɗa ba, amma shekarata ashirin da wani abu ina aikin katako, kuma an sha kawo mini jita gyara. Duk abin da kika lissafa ciwo ɗaya ne.

Katako ko an yanke shi an busar, bai daina shan iska ba. Da damina yana shan laima ya kumbura, da hunturu ya amayar ya tsuke. Kin san yadda ƙofar ɗaki take ƙin rufuwa a watan Agusta, a Fabrairu kuma ki ga haske ta gefenta. To ƙofa mai kauri ke nan. Fuskar ukulele kaurinta bai wuce milimita biyu ba. Kuma katako ba ya tsukewa ta tsawo, ta faɗi yake tsukewa. A ciki masu ƙera ta sun manna 'yan sanduna a gicciye don su tallafe fuskar. Idan iska ta bushe, fuskar tana son ta tsuke, sandunan sun riƙe ta sun hana, sai ta yage ta bin jijiyar katakon. Shi ne ƙarar da kika ji. Haɗewar da kika gani a Agusta kuwa laima ce ta koma ciki.

Masu ƙera irin waɗannan kaya suna so laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu nan idan hunturu ya kankama takan sauko ƙasa da kashi 20, lokacin da leɓe ke tsagewa, kaushi ke damun mutane. Mutum zai shafa man kaɗanya, katako kuwa ba shi da wannan gatan. Ƙarafunan da suka yanki yarinya ma ba su ne suka yi tsawo ba, wuyan ne ya tsuke ya bar su a waje, don ƙarfe ba ruwansa da laima.

Saboda haka shawarata ki bar zancen katako zalla. A wurin masu sayarwa shi ne mai daraja, shi ya fi tsada, kuma gaskiya ya fi daɗin amo. Amma a gidan da ba a kula da laimar ɗaki, shi ne farkon mutuwa. Ki nemi wadda ake ce wa laminet, wato siraran falle na katako, galibi uku, da aka manna su kowane ya gicciye ɗan'uwansa, irin yadda ake yin filawud. Idan ɗaya ya so tsukewa, na gicciyen ya riƙe shi. Da wuya ki ga ta tsage. Hanyar ganewa: ki duba bakin ramin nan na tsakiya da kyau a cikin haske. Idan jijiyar katakon ta gangara daga sama har ƙasan kaurin, zalla ne. Idan kin ga layi-layi kamar shafin littafi, laminet ce.

Wannan ɗan katako mai riƙe tsirkiya, masu garaya da goge jaki suke ce wa nasu, shi zafi ne ya ci shi. Gam na katako yana laushi idan ya sha zafi, tsirkiyoyi huɗu kuma suna jansa dare da rana. Falo mai rufin kwano a watan Afrilu ya isa. Sufa-gulu a kan tsohon gam ba ya kamawa. Sai an kankare tsohon tas, katako ya haɗu da katako, a sa gam na kafintoci a matse shi ya kwana. Kada ki jefar da ita, tana gyaruwa.

Mai Jita, Sabon Gari

Sannu Anti. Ni nake kaɗa jita a cocinmu, ina kuma koya wa yara ukulele ranar Asabar. Maganar Malam Kafinta gaskiya ce, sai dai in ƙara abu ɗaya: laminet jikin kawai take karewa. Wuyan da jakin har yanzu katako ne zalla, don haka ƙarafuna za su iya sake fitowa. Wannan ba abin tsoro ba ne. A bari sai tsakiyar hunturu da suka gama fitowa, a goge bakinsu da ƙaramin magagari sau ɗaya, shi ke nan an rabu da shi.

Girma iri huɗu ne aka fi sani. Sofrano ita ce ƙarama, tsawonta kamar santimita 53. Konsat kamar 58, teno kamar 66. Waɗannan ukun saitinsu ɗaya, G C E A, duk abin da kika koya a ɗaya zai yi a sauran. Ta huɗun, bariton, saitinta D G B E ne irin na tsirkiyoyin jita huɗu na ƙasa, ki bar ta, za ta rikita miki abin da kika riga kika iya. Tunda ke da Ummi za ku riƙa karɓa-karɓa, konsat zan ce. Yatsun babba suna samun wuri, hannun yarinya kuma yana kaiwa.

A nan Sabon Gari akwai shagunan kayan kiɗa, amma jita da ganguna da fiyano suka fi ajiyewa. Ukulele wani lokaci a samu biyu ko uku, wani lokaci sai an aiko daga Legas. In dai akwai hali, ki saya wadda kika riƙe da hannunki. Kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, sai ki ga wannan lafiya lau, ta kusa da ita wuyan a karkace. Sunayen da aka sani da yin laminet mai kyau a farashi mai sauƙi akwai Kala da ƙaramarta Makala, akwai Flight, Ohana, Lanikai, Cordoba. Amma kada suna ya hana ki dubawa.

In kin je, ki fara da kunnuwan da ake murɗawa. Ki ɗauki masu giya, waɗanda suka fito ta gefe, za ki ga ɗan ƙarfe mai haƙora a bayansu. Waɗanda suka miƙe ta baya kai tsaye matsi ne kawai ke riƙe su, da katako ya bushe sai su riƙa sulluɓewa, kullum kina neman sukundireba. Sai ki ɗaga ta ki hango wuyan daga kai zuwa jiki kamar mai duba sanda, ya zama miƙaƙƙe. Ki bi gefen wuyan da yatsa ki ji ko akwai kaifi. Ki gwada zura ƙusurwar takarda a ƙarƙashin jakin ta baya, in ta shige ki ajiye musu kayansu.

Sannan ki ƙirga zuwa ƙarfe na 12. Tazarar da ke tsakanin tsirkiya da kan ƙarfen ya kamata ta zama milimita biyu da rabi zuwa uku. Ba sai kin nemi ma'auni ba: katin ATM uku su shige a haɗe, huɗu su cika wurin. In biyar suka shige da sauƙi, ta yi tudu, yatsun Ummi za su yi ciwo ta gudu. Na ƙarshe, ki sauke manhajar saiti a waya, ki buga tsirkiya a sake, ki danne ta a gida na 12 ki sake bugawa. Harafi ɗaya ya kamata wayar ta nuna. In ya kauce sosai, duk yadda kika saita ta ba za ta taɓa yi miki daɗi ba.

Wani abu da nake roƙon kowa: kada a bari wani ya ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe ta jita don ba a samu tata ba. Na ga an yi, kwana uku jaki ya tashi. Tata ta roba ce. Sabuwa kuma takan yi sati ɗaya ko biyu tana saki kafin ta zauna, ba lalacewa ba ce.

Ɗalibi, Kabuga

Yaya, ni dai da ni ne ke, katakon ma gaba ɗaya zan bari. Kin ce yaro ɗan shekara uku zai ja ta a tsakar gida. Laminet ba ta tsagewa don iska, amma in ta faɗo kan siminti ko aka zauna mata, ta tafi.

Akwai na roba, kuma ba na wasan yara nake nufi ba. Abin ma ba sabo ba ne. Tun wajajen 1950 wani maƙerin jita ɗan Italiya da ya koma Amurka, Mario Maccaferri, ya yi ukulele ta roba mai suna Islander, aka sayar da miliyoyi, har yau akwai waɗanda ke kaɗa nasu. Yanzu Kala suna da Waterman, roba ce gaba ɗaya, ko ruwa ya zube mata gogewa kawai za a yi. Flight suna da ta tafiye-tafiye, baya da wuya roba, fuskar kuma laminet. Enya suna da Nova U, roba ce da aka gauraya da zaren kabon. Irin ta ƙarshen nan nake da ita. Shekara biyu muna tare a ɗakin kwanan ɗalibai mai mutum shida, ta faɗo daga gadon sama, an zuba mata shayi, ta yi hunturu biyu a jingine da bango ba jaka. Ƙura kawai nake gogewa da tsumma.

Abu biyu za ki kiyaye in kin ɗauki ta roba. Rana ita ce maƙiyiyarta, kada a bar ta tsakar gida da azahar ko cikin motar da aka rufe, za ta iya lanƙwashewa kuma ba ta dawowa. Sannan yawancinsu ƙarafunan wuyan ma roba ne, don haka kada a sa mata irin tsirkiyar da aka naɗe da siririyar waya, tana cinye su.

Maman Ummi, Gyaɗi-Gyaɗi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Kafinta, wallahi ka warware mini abin da ya daɗe yana damuna, na ɗauka sakacina ne ko yara ne suka buge ta suka ɓoye mini. Har faɗa na yi wa Ummi a kan haka, yau zan ba ta haƙuri.

Ƙanina na Kabuga, maganarka ta shige ni, amma ina da tambaya. Amon fa? Abin da ya sa na so waccan shi ne in na buga a hankali da dare, sautin yana da taushi, yana ɗan jimawa kafin ya mutu, har ina jin sa a ƙirjina ta bayanta. In ta roba za ta riƙa yi mini ƙwas-ƙwas kamar ana buga bokiti, na san kaina, zan daina ɗauka.

Ɗalibi, Kabuga

Ba zan ɓoye miki ba Yaya, ba ɗaya ba ne. Waɗanda suke roba zalla amonsu ya fi kaifi kuma yana saurin yankewa. Masu fuskar katako da bayan roba sun fi kusa da abin da kika saba, don fuskar ce ke yin yawancin sautin. Tawa tana tsakiya, ni ta gamsar da ni, amma kunne kowa da nasa. In kina so ki turo Ummi da babanta su karɓa ki gwada kwana biyu.

Tsohon Malami, Yakasai

'Yata, na karanta duka, na ji daɗin yadda yaran nan suka ba ki amsa. Ni labarin ƙasa na koyar har na yi ritaya, bari in ƙara ta wannan fuskar.

Wannan abin kiɗa ɗan tsibiri ne. A 1879 wani jirgin ruwa ya sauke mutanen Madera, tsibirin Fotugal, a Honolulu ta Hawai, an kawo su aikin rake. Suka zo da 'yan ƙananan jitocinsu na gida. Uku daga cikinsu masu aikin katako ne, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, su suka fara ƙera ta da itacen koa na can, sarkin ƙasar na lokacin, Kalakaua, ya karɓe ta ya shigar da ita fada. Daga tsibiri zuwa tsibiri ke nan, teku ta ko'ina. Taki kuma daga Maleshiya ta zo, inda ake ruwa kusan duk shekara. Kin ɗauko ta kin rataye ta a bakin taga tana shaƙar iskar da ta keto Sahara.

Mahaifina yana da gurmi. Shi nasa ciwon akasin wannan ne. Ƙwarya ce da fata, da hunturu fatar ta ɗame, amo ya fito tar. Da damina sai ta saki ta yi luɓus, ina yaro ni ake aika in kai shi kusa da murhu ya sha ɗumi kafin ya kaɗa. Bai taɓa ganin hakan wahala ba, cikin kiɗan yake a wurinsa. To ke ma taki ta maɗaci kulawa take so, ta watanni huɗu ko biyar kacal a shekara. Ki samo jaka mai zif ko akwati. Ki ɗauki gidan sabulu na roba ki huda murfin, ki jiƙa soso ki matse shi sosai har ya daina ɗiga, ki sa a ciki, ki ajiye tare da ita ki rufe. Duk kwana biyu ki taɓa soson. Ki ajiye a ƙuryar ɗaki, nesa da taga, ba saman sif ba inda zafin kwano ke sauka. Da ruwan farko ya sauka ki cire soson, in ba haka ba fumfuna za ta kama ta.

Maman Ummi, Gyaɗi-Gyaɗi

Baba na gode, Allah ya ƙara girma, ya jiƙan mahaifinka. Abin da nake tsoro shi ne in ta shiga jaka, Ummi ba za ta riƙa ɗauka ba. Yanzu wucewa take ta gan ta ta buga sau biyu ta ajiye, da haka ta koya.

Kafinta, Gwammaja

To ai Hajiya ba sai kin zaɓi ɗaya ba. Ki sayi mai jure wahala ta zauna a falo don yara, tsohuwar a gyara ta zama taki ta dare. Ki aiko da ita yanzu kafin iska ta gama juyawa, tsagar ta fi sauƙin kamawa tun ba ta buɗe sosai ba. In jakin yana nan ki haɗo da shi.

Maman Ummi, Gyaɗi-Gyaɗi

Jama'a na dawo da labari bayan sati biyu. Ranar Asabar muka shiga Sabon Gari da maigida, da katunan ATM ɗinmu biyar a jaka. Shago na farko babu, na biyu akwai guda uku. Ɗaya takarda ta shige ƙarƙashin jakinta har rabin farce. Ta biyu kati biyar suka shige. Mai shagon ya tsaya yana kallona, ya ce Hajiya wa ya koya miki wannan? Ta ukun konsat ce, na duba bakin ramin a hasken ƙofa na ga layi-layin da Malam Kafinta ya ce, kunnuwanta masu giya, wayar kuma ta nuna harafi ɗaya a sake da kuma a gida na 12, sai tsirkiyar C da ta ɗan haura kaɗan. Ita na ɗauka, da saitin tsirkiya guda na ajiya.

Ta Kabuga ma mun karɓo mun gwada, na gode ƙanina. Ummi ta so ta, ni kuma kunnena ya fi kwanciya da katakon. Na buga ƙusa a bangon da ba ya kallon taga, sama da inda ƙaramin zai kai, in yana so sai a zaunar da shi kan tabarma a ba shi.

Tsohuwar tana Gwammaja. Ya ce sai da ya sa ta cikin babbar leda da jiƙaƙƙen soso kwana biyar bakin tsagar ya haɗu, sannan ya sa gam, ya manna 'yan ƙananan katako uku ta ciki. Jakin ne ya ba shi aiki saboda sufa-gulun da na zuba, ya ce Alhamis in aiko a karɓa. Na riga na ɗinka mata jaka da ragowar yadin kufta, na sa auduga a tsakani, da ɗan aljihu a ciki daidai gidan sabulu. Mai Jita, tsirkiyar C ɗin nan da ta haura, in jira ta gama zama tukuna ko in kawo maka ita ranar Asabar ka duba?